Mun daɗe a Malesiya da iyali: wai zaman unguwa mu kaɗai muka iya?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya daɗe yana cina, na ce bari in kawo shi nan. Ƙarshen 2019 muka taho Malesiya ni da maigida da yara biyu, shi yana karatun digiri na uku a Serdang, jihar Selangor, ni kuma 'yar rakiya. Yanzu an kammala, muna ɗaure kaya, yaran sun zama uku.

Kafin mu taso babu abin da ban ji ba. Wai can ba ruwan kowa da kowa, ko mutuwa ka yi a ɗaki sai wari ya tona. Da farko na yarda, don bene ne mai hawa da yawa, kowace ƙofa da ƙyauren ƙarfe a gabanta, ba mai leƙo ka, ba yaron da zai shigo ya ce wai in ji Mama a sam mata gishiri. Ana haka aka kulle ƙasar ranar 18 ga Maris 2020 saboda korona. A cikin kullen nan wata tsohuwa da ƙofarta ke kallon tamu ta fara rataye mana leda a ƙyaure, yau shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, gobe ayaba, ta ƙwanƙwasa ta koma. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu. Sai daga baya na gane ba ita kaɗai ba ce. Ƙaramin masallacin benen, wanda suke kira surau, yana da sunayen gidajen ɗalibai da baƙi da marasa ƙarfi, an raba wa kowa gidan da zai riƙa dubawa.

Abin da na gani shi ne zaman tarensu a tsare yake, da kwamiti da littafi da ranaku. Namu ya fi ɗumi, amma mai dangi da mai baki ne ke cin moriyarsa. Baƙon da ba shi da kowa, ina ga ya fi samun mai dubansa a nan fiye da sababbin unguwanninmu na Kano ko Kaduna. Na faɗa wa yayata a waya, ta ce na zama 'yar can. Ku da kuka zauna waje da iyali, haka kuka gani, ko ni ce daɗin baƙunta ya kwashe?

ƊanGwale:
Wa'alaikumus salam. Maman Hanif, yayarki ba ta yi ƙarya ba. Ledar shinkafa a ƙyaure ita ce zumunci? A cikin birni in matarka ta haihu da asuba, kafin hantsi gidan ya cika, wannan ta hura wutar ruwan wanka, waccan ta dama kunun kanwa, wata ta kwashe sauran yaran ta kai gidanta. Ba wanda ya rubuta sunan kowa a littafi. Zumuncin da sai kwamiti ya zauna ai aikin ofis ne.

Uwar_Biyu:
Malam ƊanGwale ka karanta da kyau, cewa ta yi sababbin unguwanni. Ni ina ɗaya daga cikinsu a Kaduna. Katanga ta fi mutum biyu tsayi, da waya mai ƙaya a kai. Maƙwabciyata ta haihu, sai da na ga rumfar suna na sani.

Maman_Hanif:
Tunda an taɓo haihuwa bari in ba ku labarin tawa, don a nan na haifi autana. Mahaifiyata ba ta samu zuwa ba. Matan 'yan Najeriya da ke kusa suka raba kwanaki, kowacce da ranar da za ta kawo abinci, Allah ya saka musu. Amma jego kansa matan Malay ne suka riƙe ni. Ashe su ma suna da nasu, kwana arba'in da huɗu suke yi. Ba shan ruwan sanyi, ba fita barkatai, ƙafa kullum cikin safa. Akwai mata masu sana'ar tausa, ana kiransu gida, su gasa dutse su naɗe shi a ƙyalle da ganyaye su riƙa danna miki a ciki, sannan a ɗaure ki da wani dogon zane tun daga ƙugu har ƙasan ƙirji, ɗaurin da sai kin yi dabarar numfashi. Tsohuwar nan ita ta nemo mai tausar, ita ta yi ciniki, kuma in ta shigo ta ga na kunna fanka a kaina sai ta kashe tana faɗa da yarenta. Ban ji kalma ɗaya ba amma na san faɗan Gwaggona ne.

Abu_Sumayya:
Ni a Johor na yi nawa karatun, kusa da Skudai, da iyali. Zan goyi bayan Maman Hanif a abu ɗaya da na gani da idona, wato harkar mutuwa. Kusan kowane masallaci ko surau yana da asusun mutuwa. Kowane gida yana biyan ɗan abu a shekara, bai kai cefanen kwana biyu ba. In an yi rasuwa waya ɗaya za a buga. Masu wanka suna nan an koya musu, maza daban mata daban, likkafani yana ajiye, motar ɗaukar gawa ta masallaci ce, kabari an san wanda zai yi magana a kansa. Iyalan mamaci ba abin da ya rage musu sai kuka da addu'a. Haka aikin gayya, suna ce masa gotong-royong: a liƙa takarda a bakin lif, ranar Lahadi ƙarfe takwas, kowa ya fito da tsintsiya ko fartanya, a yashe kwata saboda sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, a yi fenti, a ƙare da shayi da taliya. Farfesa na gani da idona yana kwasar shara da hannunsa. Akwai ma tsarin kwamitin unguwa da gwamnati ta kafa tun 1975, Rukun Tetangga, su ne ke shirya sintirin dare da irin waɗannan.

Malam_Bube:
Abu Sumayya, Allah ya ƙara ilimi. Amma wa ka taɓa ji an rasa yi wa sutura a ƙasar Hausa don ba shi da asusu? Ko almajiri ne ya rasu a tasha, kafin azahar an samu mai yanko likkafani, an samu masu ɗauka. Ina tsoron ranar da za a ce wane bai biya kuɗin shekara ba.

Abu_Sumayya:
Gaskiya ne Malam, ba a rasa sutura. Amma je ka maƙabartunmu ka ga tsofaffin da ke haƙa kabari, da me suke rayuwa? Ɗan abin da aka tara musu a hula bayan an rufe. Ka ga katangar da ta rushe, ka ga kaburburan da damina ta zaftare. Ranar mutuwa muna da kyau ƙwarai. Ranakun da ba a yi mutuwa ba ne ba mai kula.

Hajiya_Turai:
Ku da kuke Malesiya ai kuna cikin gata, ƙasar Musulmi, ga rana. Ni Bradford nake a Ingila tun yarana suna ƙanana, yanzu babbar ta yi aure. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, kowa ya shige gida ya ja labule. Farkon zuwana har kuka nake yi in na tuna zaman tsakar gida da la'asar, ana tsefe kai ana hira. Nan in za ki je gidan mutum sai kin buga waya kin nemi rana. Kuma ɗan wani ko me ya yi a gabanki ki ja bakinki, ba a san ɗa na kowa ba ne.

Amma abin da Abu Sumayya ya faɗa akwai shi nan ma. 'Yan Pakistan da ke garin nan suna da kwamitocin mutuwa tun zamanin iyayensu, ana tara kuɗi, da can har gawa suke mayarwa gida da shi. Sannan maƙwabciyata Baturiya ce, tsohuwa, in mun yi tafiya ita ke fitar mana da kwandon shara ranar kwasa, ita ke riƙe mana saƙon gidan waya. Shekara da shekaru ba ta taɓa shiga ɗakina ba, ban taɓa shiga nata ba. To ku ce min wannan zumunci ne ko ba zumunci ba?

ƊanGwale:
Hajiya wannan mutunci ne, ba zumunci ba. Zumunta a ƙafa take.

Injiniya77:
Ina ta karantawa ina jiran wanda zai faɗi ɗaya ɓangaren, shiru. Na zauna a Kuala Lumpur da matata. Neman gidan haya kaɗai ya isa ya koya maka matsayinka. Ka yi magana da dillali a waya lafiya lau, ya tambaye ka ƙasarku, ka ce Najeriya, ya ce an riga an kama gidan. Akwai benayen da aka rataye ƙyalle a ƙofa cewa ba a ba ɗan Afirka haya, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, jaridunsu ma sun rubuta. A jirgin ƙasa kujerar kusa da kai ita ce ta ƙarshen cika. Matata tana da digiri, amma takardar zamanta ta 'yar rakiya ce, ba ta da izinin aiki, haka ta zauna. Kada a zo nan a mai da wurin aljanna. Maman Hanif ta dace da maƙwabciya, shi ke nan.

Bakatsine_Asali:
Injiniya, a faɗi gaskiya kuma, wasu 'yan ƙasarmu ne suka ɓata mana suna da damfarar intanet da ƙwaya.

Injiniya77:
To laifin wani ne zai hana ɗiyata wurin kwana? Mu ma a gida in aka yi wa ƙabila guda kuɗin goro muna cewa zalunci ne.

Maman_Hanif:
Injiniya ban musa maka ba, mu ma an hana mu gida kafin mu samu wannan. Kuma na lura da wani abu: ranar da na fita da doguwar riga da hijabi, maigida da hula, ana yi mana sallama, ana tambayar ko daga Sudan muke. Abokin karatunsa Kirista daga kudu bai samu wannan sauƙin ba. Ƙofar da muka shiga ta masallaci ce, wanda ba ya da ita sai ya nemi wata. Shi a cocinsu ya samu nasa mutanen.

Sadauki_Jr:
Mutanen da suka zo suka kwashi irin kwakwar manja a wurinmu suka yi arziki da shi, yau su ne ke hana mu haya. Allah ya kyauta.

Dakta_Noma:
Sadauki, wannan labarin ana yawan faɗinsa amma ba haka ya faru ba. Itacen asalinsa na Afirka ta Yamma ne, wannan gaskiya ne. Amma ya isa yankinsu tun 1848, lokacin da aka dasa tsiro huɗu a lambun Bogor na Indunusiya zamanin mulkin Holan. Gonar kasuwanci ta farko a Malesiya an buɗe ta a 1917 a Tennamaram, cikin Selangor ɗin da Maman Hanif ke zaune, Najeriya ba ta ma samu 'yanci ba. Abin da ya faru a shekarun 1970 shi ne masu bincikensu sun zo sun tattara iri tare da cibiyarmu ta binciken kwakwar manja da ke kusa da birnin Benin, don inganta wanda suke da shi. Ba sata suka yi ba, aiki suka yi muka kwanta.

Uwar_Biyu:
An fara. Daga zaman unguwa an koma manja.

Abu_Sumayya:
Bari in dawo da mu. Masallacin ma da Maman Hanif ta ce ƙofa ce, sai ka yi haƙuri da bambanci. Su Shafi'iyya ne. Asubar farko da na bi su, liman ya ɗago daga ruku'u na biyu ya ɗaga hannu ya kama alƙunutu a bayyane, jama'a na amin, ni kuwa na saba da namu na Malikiyya a ɓoye kafin ruku'u. Akwai ɗan uwanmu da ya daina zuwa surau saboda zikirin da suke yi tare bayan sallama da karatun Yasin na daren Juma'a, ya koma yin salla a ɗaki da abokansa. Ya gama shekarunsa bai san sunan maƙwabci ko ɗaya ba, ya dawo gida yana cewa mutanen ba su da sakin fuska. Alhali duk abin da ake yi a unguwar daga nan yake tashi. Da azumi a nan ake dafa kunun shinkafa da nama a manyan tukwane a raba gida-gida, bayan tarawihi a zauna a ci ɗan abu tare. Da layya mutum bakwai su haɗa saniya, a yanka a filin surau, maza na fiɗa mata na yanka albasa, a dafa a ci a wurin kafin a raba sauran.

Malam_Bube:
Wannan ɗan uwan ya yi wa kansa. Saɓanin mazhaba ba ya hana bin liman.

Hajiya_Turai:
Abu Sumayya ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu Hausawa in mun fita waje, junanmu kaɗai muke nema. A buɗe zauren WhatsApp, a yi suna tare, a yi Salla tare, a yi gulma tare, a dawo gida ba a iya gaisuwa da yaren mutanen ba. Sannan a ce ba su da kirki. Ke kin taɓa ɗaukar kwano kin ƙwanƙwasa ƙofarsu?

Baaba_Zongo:
Ina gaishe ku daga Kumasi. Mu nan zaman waje ya zama gado, kakanninmu fataken goro ne, wasu ta Salaga suka biyo. Abin da nake so ƊanGwale ya duba: Bahaushe ma in ya bar gida tsari yake yi. Zongo yana da sarki, yana da liman, kowace ƙabila da shugabanta, baƙo in ya sauka akwai maigidan da zai karɓe shi ya tsaya masa. Matanmu suna da ƙungiyoyin biki da mutuwa, da littafi da ma'aji da tara ga wadda ta makara. Ba daga Malesiya muka koyo ba. Inda babu dangi dole a yi littafi. Sababbin unguwannin da Uwar Biyu ke magana a kai ai zongo ne, kowa baƙo, sai dai ba su yarda su baƙi ba ne.

ƊanGwale:
Baaba na ji wannan, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Amma har yanzu ina kan bakana. Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, wane kwamiti ne ya ce wa mutane su buɗe gidajensu? Mata suka ɗora tukwane, matasa suka shiga ruwa, daga Kano da sauran garuruwa aka yi ta aika kaya.

Maman_Hanif:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yaya ƊanGwale, su ma haka suka yi a ambaliyar Disamban 2021, da ruwa ya shanye Taman Sri Muda a Shah Alam. Masu ƙananan jiragen ruwa suka fito da kansu, wurin ibadar mabiya Sikh a Petaling Jaya ya zama ɗakin girki, Musulmi da 'yan Sin da Indiyawa suna naɗe abinci tare. Kafin nan a tsakiyar shekarar, da kulle ya tsananta, aka ce duk gidan da abinci ya ƙare ya rataye farin ƙyalle a taga, maƙwabta su kawo ba sai ya buɗe baki ba. Ranar masifa kowace al'umma tana tashi. Ni ranakun banza nake magana, ranar Talatar da ba abin da ya faru, wa ya san matar da ke gida na uku ba ta da lafiya?

Komawa_Gida:
Maman Hanif, ki shirya zuciyarki. Mun dawo daga Penang da irin wannan zafin. Maigida ya je wurin mai unguwa, ya bi gida-gida, aka sa ranar yashe kwata, aka daidaita da Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano. Waɗanda suka fito ba su cika hannu ba, sauran suka turo masu gadi da almajirai. Aka ce a tara kuɗin wata-wata, nan take aka fara tambayar wa zai riƙe, wane ai ɗan siyasa ne, wane kuma ba a san asalinsa ba. Abin da ya haɗa kan layinmu a ƙarshe taransifoma ce da ta ƙone. Wata biyu a duhu, sai ga kowa da kuɗinsa har da masu cewa ba su da lokaci. Wannan kwamitin wutar shi ne har yau yake raye, a hankali aka ɗora masa gadi, aka ɗora rijiyar burtsatse, bana har ya kai wata bazawara asibiti. Kada ki zo musu da zancen yadda ake yi a Malesiya, wallahi za su sa miki suna.

Uwar_Biyu:
Hajiya Malesiya kenan, na riga na sa mata.

Bakatsine_Asali:
Yaran fa? Nawa sun dawo daga Masar ba sa iya hira da kakarsu, abin ya dame ni.

Maman_Hanif:
Shi ne babban tunanina. Makarantar kuɗi suke zuwa da 'ya'yan Larabawa da sauran baƙi, don haka Turanci ne a bakinsu, sai yaren Malay da suka tsinta a filin wasa da karatun Alƙur'ani na surau. Hausa suna ji sarai, amsawa ce sai an matsa. Sun saba in sun gai da babba su kama hannunsa su kai goshi, yanzu ina koya musu durƙuso kada a ce ba su da tarbiyya. Hanif tambayarsa ɗaya, wai a Kano ma Salla wata guda ake yi? Don nan ranar Salla gari watsewa yake, kowa ya tafi ƙauyensu, mu kaɗai a bene kamar an yi gudun hijira. Amma in sun dawo duk watan Shawwal gidaje a buɗe suke, kowane ƙarshen mako da gidan da za a ci abinci, ana ba yara goron Salla a 'yan ambulan masu launin kore. Na ce masa mu kuma muna da hawan Daushe, sai ya ga doki zai manta da ambulan.

Amaryar_Dakta:
Assalamu alaikum, sabuwa ce ni a nan. Maigidana ya samu gurbin karatu a Sintok, jihar Kedah, muna shirin tafiya da jaririya. Na karanta duka, yanzu ban san ko murna zan yi ko tsoro ba. Me zan ɗauka daga gida?

Maman_Hanif:
Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a je a sa'a. Ki ɗauki kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kanwa da yaji, a ɗaure su da kyau. Tsamiya da citta kada ki wahalar da kanki, suna nan birjik, gero kuma ana samu a shagunan Indiyawa. Kayan sanyi ki bar su, ba hunturu, zafi ne da ruwan sama duk shekara. Suna gaba da Najeriya da awa bakwai, ki gaya wa Mama tun yanzu kada ta riƙa kiranki bayan isha'inta. Kuma ki ƙaro atamfa ko turmi biyu da turaren wuta, za ki samu waɗanda za ki ba.

Injiniya77:
Ku sa wani ɗalibi da ke can ya kama muku gida kafin ku sauka, kada ku tsaya neman dillali da jaririya a hannu.

ƊanGwale:
Kuma in an gama karatun a dawo mana da ita tana jin Hausa.